Idan kamfani ya canza hannu, me ke samun harshen kwamfutarsa da manhajojinsa?

Duk lokacin da labari ya ɓulla cewa wani katafaren kamfanin fasaha ya haɗiye wani, tambayar da ke fara zagaya zaurukan WhatsApp na masu rubuta manhaja a Abuja ita ce ko harshen da kamfanin ya ƙirƙira zai mutu. Kusan kullum amsar a'a ce. Kod ɗin da ka rubuta jiya zai tashi gobe kamar yadda ya saba, domin kwamfuta ba ta karanta takardar ciniki. Abin da ke canzawa yana can gefe: sharaɗin da za ka cika kafin a ba ka facin tsaro, wato gyaran da ke toshe kafar da masu kutse za su bi, da wanda ke da ikon amfani da sunan, da wanda ke biyan albashin injiniyoyin da ke kula da harshen. Kuma ba a ranar ciniki ake ganin canjin ba. Sai an kwana biyu, kowa ya saki jiki, manhajar ta shiga ma'aikatu da asibitoci da bankuna ta zauna daram, sannan sabon mai kaya yake fito da nasa tsarin.

Babu misalin da ya kai na Sun Microsystems da Oracle cika. Kamfanin Sun ne ya fitar da harshen Java a 1995, James Gosling na jagorantar aikin. A Afrilun 2009 Oracle ya sanar zai saye shi kan dala biliyan 7.4, aka kammala cinikin a Janairun 2010 bayan hukumar Tarayyar Turai ta shafe watanni tana bincike, galibi saboda rumbun bayanai na MySQL. Ba Java kaɗai Oracle ya kwasa ba. A cikin kayan akwai MySQL, wadda kamfanin Sun ya saya a 2008 kan dala biliyan 1, da OpenOffice, da Solaris, da VirtualBox, da NetBeans. Hatta rajistar sunan JavaScript, harshen da bai haɗa komai da Java ba sai kamannin suna, ta koma hannun Oracle.

Shekara tara kafin takardar kuɗi ta iso

Kafin a sayar da shi, kamfanin Sun ya yi abu guda da ya ceci Java. Tsakanin 2006 da 2007 ya saki kod ɗin harshen ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ke ba kowa damar amfani da kod da gyara shi, aikin da ake kira OpenJDK. Irin wannan lasisi ba a janye shi daga abin da aka riga aka saki, ko wa ya sayi kamfanin. Amma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Buɗaɗɗen kod daban, dunƙulallen fakitin da kake saukewa daga shafin kamfani ka danna ka girka daban. Na farkon na kowa ne. Na biyun yana da nasa lasisin, mai shafin ne ke rubuta shi, yana kuma iya sake rubuta shi a kowace sabuwar fitowa.

Shekara tara Oracle ya bar fakitinsa kyauta ga kwamfutocin ofis da sabobi. Fitowar ƙarshe ta Java 8 a kan tsohon lasisi ita ce 8u202, a Janairun 2019. Ranar 16 ga Afrilun 2019 aka fitar da 8u211 da sabon lasisi mai suna OTN. Kyauta ne idan amfanin kanka ne a gida, ko kana rubuta manhaja kana gwadawa. Da zarar ya hau sabar da ke yi wa kamfani ko hukuma aikin yau da kullum, sai da biya. Farashin lokacin bai tada hankali sosai ba: dala 2.50 a wata kan kowane mai amfani da kwamfutar tebur, dala 25 a wata kan kowace furosesa ta saba.

A Janairun 2023 aka sauya ma'aunin ɗungurungum. An daina ƙirga kwamfutoci, an koma ƙirga mutane. Dala 15 a wata kan kowane ma'aikaci, ga wurin da ma'aikatansa ba su kai dubu ba, kuma ma'aikaci a wannan lissafi ya haɗa da na dindindin, da na wucin gadi, da 'yan kwangilar da ke tallafa wa ayyukan cikin gida, ko sun taɓa Java ko ba su taɓa ba. Ɗauki asibiti mai zaman kansa a Garki mai ma'aikata 300, Java na kan kwamfutoci 40 da furosesa 4. A tsohon lissafi dala 200 ce a wata, 2,400 a shekara. A sabon, 300 sau 15 sau 12, dala 54,000. In aka canza dala kan naira 1,500, naira miliyan 81 ke nan, kuma cikin ɗari ukun har da direban motar ɗaukar marasa lafiya da mai sharar ɗakin jira.

Mazaunin Abuja ya san irin wannan. Idan aka sayar da gidan da kake haya, sabon mai gida ba ya turo katafila. Yakan bari kuɗin shekararka ya ƙare, sannan ya aiko da wasiƙar sabon farashi, don ya san kwashe kaya ba wasa ba ne. A duniyar manhaja, ranar da ka buƙaci facin tsaro ita ce ranar ƙarewar hayar.

Akwai kuma tarko mai laushi. A Satumbar 2021 Oracle ya fitar da Java 17 da lasisin NFTC, wanda ya halatta amfani kyauta har a wurin aiki. Sai dai kyautar na da wa'adi, shekara guda bayan fitowar siga mai dogon tallafi ta gaba. Java 21 ya fito a Satumbar 2023, wa'adin 17 ya cika a Satumbar 2024, kuma 17.0.13 da ya fito a Oktoba ya koma ƙarƙashin OTN. Wanda ya tashi daga 17.0.12 zuwa 17.0.13 bai karanta shafin lasisi ba, ya ƙetara daga kyauta zuwa bashi, lamba ɗaya tak ta motsa. VirtualBox ma haka yake: shi kansa kyauta ne, amma ƙarin fakitinsa da ake kira Extension Pack na biya ne a wurin kasuwanci.

A yi wa Oracle adalci. Java 6 ya fito a Disambar 2006, daga nan harshen ya tsaya cik, sai a Yulin 2011 aka ga Java 7, a hannun sabon mai shi. Java 8 ya zo a Maris 2014 da lambda, kuma daga 2018 ana fitar da sabuwar siga duk wata shida, Maris da Satumba, ba fashi. Kayan aiki irin su Flight Recorder da a da sai mai kuɗi, an buɗe su ga kowa a Java 11. Yawancin aikin da ake yi a OpenJDK har yau injiniyoyin Oracle ne ke yin sa. A ganina harshen ya fi lafiya yanzu fiye da ƙarshen zamanin kamfanin Sun. Lafiyar harshe da lafiyar aljihun mai amfani da shi abubuwa biyu ne, ɗaya na iya hawa ɗaya na sauka.

Wane Java ne ke kan injinka?

Buɗe tagar umarni ka rubuta `java -version`. In ka ga "Java(TM) SE Runtime Environment" da "Java HotSpot(TM)", na Oracle ne. In ka ga "OpenJDK Runtime Environment", sau da yawa da sunan mai rabawa kamar Temurin ko Corretto a gefe, ba ka cikin lissafin can. A Java 8 duba lambar da ke bayan 1.8.0_: daga 202 zuwa ƙasa tsohon lasisi, daga 211 zuwa sama sabo. Kada wannan ya sa ka maƙale a 202. Babu facin tsaro ko ɗaya da ya shige shi tun farkon 2019.

Umarnin nan Java ɗaya kawai yake nunawa, wanda ke gaba a PATH, jerin foldojin da injin ke fara dubawa. Sauran sai ka nemo su. A Windows duba foldar Java a cikin Program Files guda biyun, sannan ka bincika faifan baki ɗaya da sunan java.exe, domin manhajojin lissafin kuɗi da na albashi da yawa suna zuwa da tasu foldar jre a ɓoye. A Linux `find / -name java -type f` zai fito da su. Kada ka manta da hotunan Docker, da kwamfutocin cinya da aka sayo a Banex mai gyara ya loda musu tarin manhajoji daga filashinsa. A irin waɗannan akwai ɗan shirin jusched.exe da ke zaune a bayan fage yana tayin sabuntawa, ma'aikaci ya danna don ya rabu da saƙon, injin ofis ya tsallaka zuwa sabon lasisi. In Javan ya zo ne a cikin manhajar wani dillali, mai yiwuwa yarjejeniyarsa da Oracle ta rufe ka, amma ka nemi ya faɗa a rubuce.

Madadin suna da yawa kuma kyauta ne: Eclipse Temurin, Amazon Corretto, Azul Zulu, BellSoft Liberica, na Microsoft, ko fakitin openjdk na Ubuntu da Debian. Duk daga tushe ɗaya aka gina su. Ƙa'ida guda ce ba na son a karya: canza mai rabawa tukuna, ka bar sigar yadda take. Daga 8 na Oracle zuwa 8 na Temurin. Wanda ya haɗa wannan da tsalle zuwa 17 a rana ɗaya, in abu ya lalace ba zai san wanne ne ya jawo ba, musamman da yake an cire javax.xml.bind daga Java 11, tsofaffin manhajoji kuwa cike suke da shi.

Abin da ya fi yawan karyewa shi ne satifiket. Java na ajiye jerin waɗanda ya amince da su a fayil mai suna cacerts, cikin jre/lib/security a Java 8, ko lib/security daga 11 zuwa sama. In shekarun baya wani ya cusa satifiket ɗin banki ko na wata hukuma a ciki da hannu, sabon Java bai san da zamansa ba. Manhajar za ta tashi lafiya lau, a shiga, a yi aiki, sai an zo biyan kuɗi ta cije da saƙon "PKIX path building failed". Kafin ka goge tsohon, yi `keytool -list -v -keystore cacerts` a kan duka biyun ka gwama. Kalmar sirrin asali changeit ce, kuma da wuya ka tarar an taɓa ta. Fitar da baƙin da `-exportcert`, shigar da su a sabon da `-importcert`. Kada ka kwafi tsohon fayil ɗin ka danne sabon, za ka dawo da satifiket ɗin da aka daina amincewa da su, ka kuma rasa sababbi.

Sai haruffa. Java 8 na Oracle yana zuwa da nasa salon rubutu na Lucida, OpenJDK kuwa yana dogara da abin da ya tarar a injin. A sabar Linux marar fuska, duk abin da ke zana rasit ko rahoto, kamar JasperReports, zai faɗi da NullPointerException daga sun.awt.FontConfiguration. Maganin ɗan ƙarami ne, girka fontconfig da DejaVu. Bayan nan ka buga rasit na gaske a takarda ka duba da ido: alamar ₦ ta fito? Ƙ da ɗ da ɓ a sunayen mutane sun fito, ko 'yan akwatuna ne a wurinsu? Faɗin haruffan ma ya bambanta, layin da a da yake shiga daidai yana iya gutsurewa a ƙarshe.

Na uku ba laifin canjin mai rabawa ba ne, laifin daɗewa ne. Daga facin Afrilun 2021 an kashe TLS 1.0 da 1.1, tsofaffin hanyoyin ɓoye bayanai tsakanin na'urori. Wanda ya taso daga 8u202 zai tarar manhajarsa ta ƙi magana da tsohuwar sabar SQL Server ko wata na'urar da ba a taɓa sabuntawa ba. Ana iya sake kunna su a layin jdk.tls.disabledAlgorithms cikin fayil ɗin java.security, amma wannan na kwana kaɗan ne kafin a gyara ɗaya ɓangaren. Manhajar da ake buɗewa da fayil ɗin jnlp tana buƙatar OpenWebStart, mai amfani da JavaFX kuma ta ɗauki nau'in Zulu ko Liberica da ke ɗauke da shi, don Temurin ba shi da ko ɗaya. A Windows kuma, mai girka Oracle yana saka tasa foldar javapath a sahun gaba na PATH, sannan Tomcat, sabar da ke ɗaukar manhajojin Java, da ke aiki a bayan fage yana riƙe da adireshin jvm.dll nasa na kansa, sai ka buɗe tomcat9w.exe ka canza a shafin Java. Mutum na iya saita JAVA_HOME ya tafi gida da murna, sabar kuwa tana nan kan tsohon. In komai ya daidaita, cire na Oracle gaba ɗaya, kada ka bar shi wai don ko-ta-kwana.

Kod ya tafi, suna ya zauna

A 2017 Oracle ya miƙa Java EE, wato ɓangaren manyan manhajojin saba, ga gidauniyar Eclipse. Ya ba da kod, ya riƙe suna. Aka sa masa Jakarta EE. Da abin ya tsaya nan da sauƙi, amma tattaunawa ta kasa kai wa ga barin gidauniyar ta ci gaba da gyara abin da ke ƙarƙashin javax. Don haka a ƙarshen 2020 Jakarta EE 9 ya sauya sunan kowane fakiti: `javax.servlet` ya zama `jakarta.servlet`, `javax.persistence` ya zama `jakarta.persistence`. Babu sabon aiki ko ɗaya da wannan ya ƙara wa kowa. Rigimar lauyoyi ce ta sauko har cikin layin import na kowane fayil.

Ga yadda take cizo. Tomcat 9 na javax ne, Tomcat 10 na jakarta. Ɗauki fayil ɗin war da aka gina shekarun baya ka jefa a Tomcat 10, sabar za ta tashi ba ƙorafi, kowane adireshi kuma ya ba ka 404, wato ba a samu shafin ba, saboda ba ta ga komai da ta gane a ciki ba. Spring Boot 3, tsarin gina manhajojin Java da ya fito a Nuwambar 2022, yana buƙatar jakarta da Java 17 a tare. Masu gaggawa sukan ce wa editansu ya nemo kowane javax ya mayar da shi jakarta, nan take aikin ya ƙi haɗuwa, domin javax.sql da javax.crypto da javax.net.ssl da javax.swing ba su motsa ba, na ainihin Java ne. Yi amfani da OpenRewrite, ko kayan ƙaura na Tomcat, wanda ma yana iya juya war ɗin da kansa in ka ajiye shi a foldar webapps-javaee. Inda gizo ke saƙar shi ne laburaren wasu da aikinka ya dogara da su. In ɗaya daga ciki bai fitar da sigar jakarta ba, kuma mai shi ya daina kula da shi, ko ka nemi madadi ko ka zauna a Tomcat 9.

Haƙƙin mallaka ma ya kai mutane kotu. A Agustan 2010 Oracle ya maka Google kan layukan kod kimanin 11,500 na Java da aka yi amfani da su a Android. Sai a Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya, alƙalai shida da biyu. A tsakanin nan Google ya karɓi harshen Kotlin don Android a 2017, ya kuma fifita shi a 2019. Duk mai koyon rubuta manhajar Android yau da Kotlin yake farawa. Sunan JavaScript kuwa, a Nuwambar 2024 kamfanin Deno ya shigar da buƙatar soke rajistarsa a ofishin alamun kasuwanci na Amurka.

Ina mutanen suka nufa?

Wannan ce alamar da na fi yarda da ita, fiye da duk sanarwar da kamfani zai fitar. Gosling ya bar Oracle a Afrilun 2010. A Agusta aka rufe ƙofar OpenSolaris. A Satumba masu aikin OpenOffice suka ɓalle suka kafa LibreOffice. Farkon 2011 masu Hudson, kayan gina manhaja da gwada ta kai tsaye, ciki har da Kohsuke Kawaguchi da ya ƙirƙire shi, suka sauya suna zuwa Jenkins bayan saɓani kan wa ke da sunan. Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa MySQL, tun 2009 ya fara MariaDB. Reshen da ya ɓalle yana rayuwa ne idan waɗanda ke rubuta kod ɗin da gaske sun bi shi, kuma masu raba Linux sun ɗauke shi. Jenkins da LibreOffice sun samu duka biyun. Hudson ya bushe. Ofishin da har yanzu yake kan OpenOffice ya kamata ya koma LibreOffice, fayilolinsa za su buɗe.

Ɗalibai da yawa da ke koyon PHP da XAMPP suna zaton MySQL suke amfani da ita, alhali MariaDB ce a ciki tun 2015. `SELECT VERSION();` zai faɗa maka gaskiya. A da ana musanya su kai tsaye, yanzu sun yi nisa da juna. Fitar da bayanai daga MySQL 8 ka loda a MariaDB ta jerin 10, za ta tsaya da "Unknown collation: utf8mb4_0900_ai_ci", sai ka buɗe fayil ɗin ka mayar da shi utf8mb4_unicode_ci. Yadda suke ajiye JSON ya bambanta, hanyar tantance kalmar sirri ta asali ma haka. Ka tabbata irin wadda ke kan kwamfutarka ce ke kan sabar da za ka yi haya. Kuma mai gudu ma ana iya sayen sa: a 2024 kamfanin zuba jari na K1 ya sayi kamfanin MariaDB, sai dai gidauniyar da ke kula da buɗaɗɗen kod ɗin daban take.

Sauran cinikayya sun bi sawu iri ɗaya. IBM ya kammala sayen Red Hat a Yulin 2019 kan dala biliyan 34. A Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS 8, nau'in Linux na kyauta da ke ƙarƙashin Red Hat, da aka yi alkawarin tallafa wa har 2029, zai ƙare a ƙarshen 2021. Rocky Linux da AlmaLinux suka maye gurbin. CentOS 7 ma ya ƙare ranar 30 ga Yunin 2024, duk sabar da ke kansa yanzu ba ta samun faci. Broadcom ya karɓi VMware a Nuwambar 2023, cikin makonni ya daina sayar da lasisin dindindin, sai biyan shekara-shekara. Masu Java su lura, Spring ma a wannan gidan yake. Lasisinsa Apache 2.0 ne, ba mai ƙwace shi, amma facin kyauta na kowace sigar Spring Boot kimanin shekara guda yake yi.

Ba kowane ciniki ne ke ƙarewa da kuka ba. Microsoft ya sayi GitHub a 2018 kan dala biliyan 7.5, farkon 2019 ma'ajiyar kod ta sirri ta zama kyauta. Amma editan Atom na GitHub ya tafi a Disambar 2022, domin mai sayen yana da VS Code. Kayan da ya yi karo da wanda mai saye yake da shi, shi ake fara yankawa.

Inda harshe ke mutuwa da gaske shi ne inda kod ɗinsa a rufe yake. Microsoft ya sayi Fox Software a 1992, ya riƙe FoxPro shekaru, ya tsaya a Visual FoxPro 9, tallafi ya ƙare a 2015. Ba wanda ya iya ɓallewa da shi, don ba wanda ke da kod ɗin. Hidimar da ke zaune a sabar wani ta fi wannan haɗari: Facebook ya sayi Parse a 2013, ya ba da sanarwar rufewa a Janairun 2016, ya kashe a Janairun 2017. A gida Stripe ya sayi Paystack a Oktoban 2020 kuma ya ci gaba da sunansa, amma duk da haka ka killace duk kiran da kake yi wa kamfanin karɓar kuɗi a wuri guda cikin kod ɗinka, yadda komawa wani zai zama gyaran fayil biyu ko uku.

Kafin ka ɗora sabon aiki kan wani harshe ko rumbun bayanai, buɗe fayil ɗin LICENSE, sannan ka duba ko masu ba da gudummawa suna sa hannu a takardar da ke ba kamfani guda ikon sake lasisi. In suna yi, mai kamfanin na iya rufe sigogin gaba, kamar yadda HashiCorp ya yi wa Terraform a Agustan 2023, watanni kafin IBM ya sanar da sayensa a Afrilun 2024. Duba kuma wa ke riƙe da sunan, da kamfanoni nawa ke biyan masu aikin. Python na hannun gidauniya tun 2001, Rust ya samu tasa a 2021 bayan Mozilla ta rage ma'aikata. An sayi Zend, kamfanin da ke yin kayan aikin PHP, a 2015, aka sake sayen wanda ya saye shi a 2019, Zend Framework ya koma Laminas, PHP kansa bai girgiza ba don ba na kamfani ɗaya ba ne. Go da Swift da C# buɗaɗɗu ne, amma kowanne gida ɗaya ne ke tuƙa shi.

Ga masu karɓar kwangila daga ma'aikatu da hukumomi, da jami'an da ke sa hannu a madadinsu, wurin da aka fi sakaci shi ne takardar yarjejeniya. A rubuta sunan mai raba Java da sigarsa ƙarara, a ce Temurin 21 misali, kada a ce "Java" kawai. A faɗi wanda zai biya in lasisin wani ɓangare ya canza, ɗan kwangila ko hukuma. A haɗa jerin duk laburaren da ke ciki da lasisin kowanne, Maven da Gradle suna iya fitar da shi a tsarin CycloneDX cikin mintuna. A miƙa kod ɗin tare da umarnin gina shi, wani injiniya daban ya gina shi a sabuwar kwamfuta kafin a biya kason ƙarshe. Kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, duk lasisin da farashinsa ke dala ya shiga kasafin kuɗi da dalarsa a rubuce, a sake lissafa shi kowace shekara kafin a miƙa kasafin.